Carbin Illo da Agogon Masu Iyo

Sunan Illo na fara jinsa a bakin rijiyar unguwarmu a Maijirgi, ina 'yar shekara shida, ranar da akuyar kakata Kadijatu ta bi ɓawon kankana ta faɗa ciki. Mata suka tsaya cirko-cirko da igiyoyinsu, kowacce tana leƙawa tana salati. Kakata ko leƙawa ba ta yi ba. Ta ce, “A kira Illo.” Ba don akuyar ba, ita kam ta gama. Don ruwan ne, kada ya lalace unguwa ta kwana uku ba abin sha.

Na zaci wani ƙato zan gani. Sai ga amalanken jaki ya kawo wani gajeren mutum mai jajayen idanu, yana karkata kai gefe in ana yi masa magana, saboda kunnensa na hagu ruwa ya daɗe da kashe shi. Ya dube ni ya ce da kakata, “Yaya, wagga mummunar ita ce matar da kunka aje mini?” Kakata ta zungure ni, ta ce in rama. Na ce ni ba na son tsoho mai jan ido. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. A ranar na san ƙanen kakata ne uwa ɗaya uba ɗaya, wato kakana ne, kuma tsakanina da shi babu maganar da ta haramta.

An haifi Illo a wani ƙaramin ƙauye kusa da Tchaké, inda ruwa mafi girma da yaro zai gani shi ne na kwamin shayar da shanu. Yana saurayi fari ya kore shi bida, wato ci-rani, ya bi wata motar kifi har bakin Tabkin Cadi. Shekara bakwai ya yi wajen masunta. Aikinsa shi ne nutsawa ya kwance komar kamun kifi in ta maƙale a ƙasa. Ya dawo gida babu dukiya, sai numfashi. Da wannan numfashin ya ci abinci shekara arba'in, daga Mayahi har Tasawa: yasar rijiya, ciro guga, ciro dabba, wani lokaci ciro mutum.

Aikin yana da ƙa'idarsa. Ana ɗaura masa igiya a ƙugu, maza huɗu su zura shi gaba ashirin ko fiye, har ya kai ruwa. In zai nutsa sai ya girgiza igiya, wanda ke sama ya fara jan carbi, ƙwaya ɗaya bugun zuciya ɗaya. Da wannan carbin ake auna kowane mai nutso. Wanda ya fito kafin rabin carbi, yaro ne, a ba shi guga ya je ya yi ban ruwa. Wanda ya cika carbi guda ya zama mutum. Illo yana kai carbi ɗaya da rabi, kuma bai taɓa fitowa hannu sake ba. In an kai biyu bai girgiza igiya ba, a jawo shi ko yana so ko ba ya so. Sau uku kawai aka yi masa haka, kuma duk ukun sai da ya yi faɗa.

Akwai kuma aikin da ba wanda ya sa shi. Bayan garinmu akwai kududdufan da magina ke haƙar ƙasar bulo da rani. Da damina ta sauka sai ruwa ya haɗe su da tabki, su zama shimfiɗa ɗaya, ba ka sanin inda yake iya gwiwa da inda zai shanye raƙumi. Kowace shekara ramukan suna sauya wuri, don magina ba sa haƙa a inda suka haƙa bara. To, da ruwan farko ya kwanta, Illo zai shiga da kansa ya tattaka ƙasan, ya kakkafa sanduna da jan ƙyalle a ka. Abin da ke bayan sanda, ba a shiga. Ba sarki ya ce ba, ba mairi, hukumar gari, ta rubuta ba. Illo ya ce, shi ke nan. Makiyaya sukan karkatar da garke saboda ƙyallensa, uwaye sukan daki 'ya'yansu da sunansa. Shekara talatin ana haka, kuma a shekarun nan ba a ɗauki gawa daga tabkin Maijirgi ba.

Shekarar da na gama kwaleji ina jiran shiga lise, babbar sakandare, aka yi wata babbar gasar iyo ta duniya a wata ƙasa mai nisa, kuma aka ce akwai ɗan ƙasarmu a ciki. Moctar, mai gabatar da filin wasanni a wani ƙaramin gidan rediyo a Tasawa, ya rasa wanda zai gayyata. Ƙwallo yana da mutanenta, kokowa kuwa kowane tsoho malami ne. Amma iyo? Ya yi tunani ya yi tunani, bai tuna kowa ba sai mutumin da ya taɓa ciro shi daga kududdufin bayan lakwal, makarantar firamare, yana ɗan aji biyu. Ranar Asabar bayan la'asar ya zo da moto, wato babur, ya ɗauki Illo, da babbar rigarsa ta Juma'a, da carbin rijiya a aljihu.

Mu muna tsakar gida, kakata ta ɗora rediyo kan turmi.

“Baba Illo, barka da zuwa,” in ji Moctar.

“Barka kadai. Cikin wanga abu zan yi magana, ko kai zan kalla?”

“Cikinsa, Baba. Duk ƙasa na jin ka.”

“To, ina gaida duk ƙasa.”

Moctar ya yi bayani cewa mita ɗari ce ta maza, mutum saba'in da wani abu suka shiga, rukuni-rukuni. Ya fara karanto sakamako daga salularsa. Na sama, sakan arba'in da bakwai da ɗigo kaza. Mai bi masa, arba'in da bakwai da ɗigo kaza. Ya karanta kamar shida, sannan ya sauko can ƙasan takarda ya ce namu ya yi minti ɗaya da sakan biyu.

Illo ya ce, “Tsaya. Sakan nawa ne ƙwayar carbi?”

“Kamar ɗaya, Baba.”

Sai aka ji ƙarar ƙwayoyi. Yana lissafi ne a kan iska, duk ƙasa na jira.

“Wanga na farko da ka karanta, ko rabin carbi bai cika ba. Ɗan wa ne? Ba shi da lahiya ne?”

“Lafiyarsa lau, Baba, shi ne ma...”

“Namu kuwa ya kusa cika kashi biyu cikin uku. Ba wani abin kirki ba ne, ni da tsuhana ina ninka shi. Amma cikin waɗanga da ka karanta, akwai wanda ya kai shi daɗewa?”

“Babu.”

“To ai namu ya ci su. Mi ake jira ba a faɗa ba?”

Moctar ya yi gyaran murya. Kana jin zufarsa ta cikin rediyo. “Baba, su a wajensu, wanda ya riga...”

“Ya riga mi?”

“Ya riga fitowa.”

“A ruwa?” Illo ya ce. “Moctar, ran da ka faɗa ramin bayan lakwal, da na riga hitowa, da yanzu wa ke wanga shiri?”

 Ba a gyara wa tsoho magana a gaban jama'a, balle tsohon da ya matse maka ruwa daga ciki. Sai Moctar ya buɗe layin waya, da fatan wani zai cece shi. Wanda ya fara kira wani makiyayi ne, Abdurrahamane, daga wajen garin Sarkin Hausa. Ya ce su dai sun san Illo, in ya ce namu ya ci, to ya ci, Allah ya ƙara wa yaron numfashi. Wata mata ta kira daga Tchaké ta yi guɗa. Sai wani malamin lakwal, irin waɗanda muke kira mushe, ya kira da zafi, ya fara da “Mais non, c'est une course, tsere ne, tsere,” kuɗin wayarsa suka ƙare a nan. Illo ya ce Allah ya ba shi haƙuri, ko mi ke damunsa. Moctar ya sa kiɗa.

Kakata ta dube ni. “Rahma, ke da kika yi boko, haka ne?”

Na ce ban tabbata ba. Ƙarya na yi. Na tabbata.

Kwana biyu ƙauyuka suna murna. A kasuwar Sarkin Hausa wani mai tsire ya yi wa Illo kyautar tsinke biyar. Amma a Tasawa ma'aikata sun riga sun ga hotunan gasar a salula, kuma wani ya naɗi muryar Illo ya tura ta ko'ina. Kafin Laraba labari ya juya. 'Yan kabu-kabun tashar Maijirgi, da shugabansu Sadiƙu, suka raɗa masa suna Shampiyo. In ya wuce sai su miƙe tsaye su sara masa.

“Shampiyo, jiya na yi awa uku daga nan zuwa Tasawa, taya ta yi faci. Na ci kowa ko?”

Illo, da kunnensa ɗaya, sai ya ɗaga musu hannu ya ce Allah ya yi albarka. A zatonsa girma ne. Ya ma gaya wa kakata cewa ashe rediyo tana da daɗi, yara sun fara ganin mutuncin manya.

Ana cikin haka ruwan farko ya kwanta. Illo ya shiga tabki kamar kullum, ya kafa sanduna goma sha ɗaya. Washegari huɗu suka rage. Sauran samari sun tuge su, wasu sun rataya riguna a kai, wasu sun jera su a bakin ruwa sun mai da su wurin tashi. Sun ƙirƙiro wasa biyu. Ɗaya tseren Turawa, daga wannan gaɓa zuwa waccan, kai tsaye ta kan ramin da magina suka fi zurfafawa bana. Ɗayan kuma gasar Shampiyo, a nutsa a ga wanda zai fi daɗewa. Da wata uwa ta ce Illo ya hana, ɗanta ya ce da ita mutumin da bai san na farko da na ƙarshe ba, ina ya san rami.

Ruwan bai kai ƙirji ba tukuna a yawancin wurare. Amma kowa ya san manyan ruwaye na watan gobe suna tafe.

Illo ya sake kafa sandunan, aka sake tuge su. Ya zo gidanmu da la'asar, ya zauna kan tabarma, ya ce shi dai bai gane ba. Ko iska ce? Iska ba ta kwance ƙyalle ta ɗaura a ƙahon moto. Ko wani ya ɓata wa? Ya bi sunayen mutanen gari ɗaya bayan ɗaya bai samu ba. Shekara talatin ba a taɓa masa sanda ba, sai bana da aka fi gaishe shi. Kakata ta ba shi hura. Da ya tafi ta kira ni ɗaki.

“Ke za ki faɗa mishi.”

“Ni, Kaka? Ke ce babbarsa.”

“In na faɗa, cewa zai yi macen da ko a kwatarniya ba ta taɓa nutsa kai ba. Moctar kunya ta kashe shi. 'Ya'yansa ba su iyawa. Ke jika ce, bakinki ba shi da laihi. Ki tahi da wasa, ki dawo da gaskiya a ƙasa.”

Na ari salular wata ƙawata, Moctar ya turo mini hotuna biyu masu motsi, kamar dai ya daɗe yana jiran wanda zai tambaya. Da hantsi na sami Illo a gindin bedi, itacen dogon yaro, a ƙofar gidansa yana tufka igiya.

“Matata ta zo biko,” ya ce.

“Ban zo ba. Zuwa na yi in gaya maka na fasa, ba na zama da mai ba na ƙarshe kambu.”

Ya yi dariya, amma hannunsa ya tsaya. Na zauna ta wajen kunnensa mai ji, na kunna masa na farko, wato karon ƙarshe na manyan gwanaye.

Ya ƙura wa salular ido. Sannan tambayoyi suka fara zubowa, ba ɗaya da na shirya mata.

“Wanga ruwa ne ko gilashi? Har ƙasa ake gani. Wa ya share shi?”

Na ce gina shi aka yi, da siminti.

“Sun gina tabki cikin ɗaki. To. Waɗanga igiyoyi da ke kwance bisa ruwa, wa ke riƙe da su?”

Na ce ba kowa, raba layi suke yi, kowa da nasa.

“Igiya a ruwa ba a ƙugun kowa ba.” Ya girgiza kai. “Mi ya faɗa ciki?”

“Ba abin da ya faɗa.”

Aka busa, mutum takwas suka tsunduma. Ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashi. Suka kai bango suka wuntsila suka juyo. Ya ce, “A'a. Mi sunka manta?” Na ce ba su manta komai ba, tabkin mita hamsin ne, sai an je an dawo ake cika ɗari. Suka taɓa bango kusan tare, lambobi suka fito, wani dogo a layi na huɗu ya hau kan igiya yana dukan ruwa da hannu.

“Wanga mi aka yi mishi?”

“Murna yake, Kaka. Shi ya ci. Shi ne wanda ka tambaya ko ba shi da lafiya.”

“Da na kusa da shi ai tare sunka taɓa.”

Na ce ya riga shi da kashi uku cikin ɗari na sakan. Ya zaro carbinsa, ya kama ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu biyu, ya dube ta. “Wagga za a raba ɗari, a ɗebi uku. Wa ya gani?” Na ce bangon ne yake ji, akwai na'ura a jikinsa. Ya ce to bango ne alƙali kenan. Na ce kusan haka.

Na kunna na biyu, rukunin da namu yake ciki. Nan Illo ya daina tambaya. Yaron ya fita da kyau, amma kafin bango an bar shi, a dawowa kuwa shi kaɗai ya rage, sauran sun riga sun cire tabarau suna huci. Illo ya ce in maimaita. Na maimaita sau huɗu.

“Wanga a gulbi ya koya,” ya ce a hankali. “Dubi, shina ɗaga kai gaba kowane hannu uku. Kwalekwale yake dubawa. Nan ba kwalekwale, amma wuyansa bai sani ba. Waɗancan kuwa kansu na ƙasa, gefe kawai su ka sha iska, kamar mai satar hura. Kuma ƙahwahunsa sun mutu tun tsakiyar dawowa, da kahwaɗa kaɗai ya ƙarasa.” Ya sa na koma kan dogon layi na huɗu, daidai inda ya juya a bango ya tafi ta ƙarƙashin ruwa yana lanƙwasa jiki. “Nan ya ci su. Ba a sama ba, nan ƙasa. Wanga da ya zo hannuna da na yi mai nutso da shi. Ɓarna.”

Ya miƙo mini salula. Ya ɗauki igiyarsa, ya ajiye.

“Kenan Shampiyo da su ka ce...”

Na ce e.

“Da sandunana.”

Na ce e.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne. Kamar mutumin da ya sauka rijiyar da ya sani shekara da shekaru, ƙafarsa ta nemi dutsen da take takawa ta rasa. Ya ce shi abin da bai gane ba, maganar ruwan Turawa ce ya yi kuskure, ruwan da bai taɓa shiga ba. Ruwan Maijirgi kuwa da ƙafarsa ya taka shi shekaranjiya. Me ya haɗa wannan da wancan? Na ce mutane ba sa rabawa. Ya ce to shi ya zai yi, ya je ya ce ƙarya ya yi? In ya ce ƙarya ya yi, wa zai sake yarda da ƙyallensa? In kuma ya yi shiru, ga shi an riga an daina. Ya juya maganar nan ta kowace fuska har azahar, ba ta ba shi hanya ba.

Ranar Asabar ya sa babbar riga ya tafi tasha da kansa. Moton Sadiƙu ya hau, don shi ne a kan layi.

“Jama'a,” ya ce a rediyo, bayan ya gaida duk ƙasa, “wancan mako na ba ku labarin da ba haka ba ne. Namu bai ci ba. Shi ne na ƙarshe. Jikata ta nuna mini da idona. Wasansu na gudu ne, wanda ya riga hita shi ne gwani. Dalilin haka ban gane ba har yanzu, kuma na tambayi Moctar a hanya shi ma bai sani ba.”

“Baba, ban ce ban sani ba...”

“Ka ce haka dokar take. Wannan ba sani ba ne.”

Daga nan ya yi sharhin da ya yi mini a gindin bedi, na wuyan yaronmu da ƙafafunsa, da juyin dogon layi na huɗu. Mushen nan ya sake kira, wannan karon da kuɗi a waya, ya ce abin da tsohon ya faɗa game da juyi daidai ne, haka masana suka rubuta. Illo ya ce ya gode, amma shi ba wannan ya kawo shi ba. Ya lissafa ramukan bana ɗaya bayan ɗaya: na bayan gonar liman, na gabas da turken shanu, babban da ke tsakiya inda samari ke tsere. Ya ce wannan gaba uku ne da rabi, ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa.

Sadiƙu, da ke zaune a waje kan motonsa yana jiran mai da shi, ya kira ta waya.

“Shampiyo, wancan mako ma da tabbaci ka yi magana. Ina muka san wannan ba irin waccan ba ce?”

Muna tsakar gida muna jiran Illo ya yi masa wankin babban bargo. Sai muka ji ya ce, “Ba ku sani ba. Gaskiyarka. Gobe da hantsi ka zo bakin tabki.”

Washegari rabin gari ya zo. Illo ya kawo gora mai tsawon gaba uku, wadda ake kakkaɓo 'ya'yan itace da ita. Ya ɗaura wa Sadiƙu igiyar rijiya a ƙugu, ya ba maza huɗu su riƙe, ya ja shi cikin ruwa har ƙirji, daidai inda sandar tsakiya take kafin a tuge ta. Ya ce ya miƙa hannu ya caka gorar gabansa. Sadiƙu ya caka yana dariya. Gorar ta tafi, ta tafi, hannunsa ya bi ta har kafaɗa, bai taɓa ƙasa ba. Da ya nemi ja da baya laka ta riƙe masa ƙafa ɗaya, sai da aka jawo shi da igiya, takalminsa ya zauna can. Ya fito yana tofar da ruwa, ya ce shi dama bai ce babu rami ba.

Kafin azahar sanduna takwas sun dawo. Uku an riga an yi girki da su. Abdurrahamane, da ya kawo shanunsa ta wajen a makon, ya sare wasu ya kawo, ya ce shi har yanzu a wajensa namu ne ya ci. Manyan ruwaye suka zo suka wuce. Maraƙi ɗaya ya mutu a ramin gabas, mutum ko ɗaya.

Amma abin bai koma yadda yake ba. Tun daga shekarar, in Illo ya kafa sanda sai ya tafi da gora, ya tara mutane ya caka a gabansu. Ya ce da ni da can baki ya isa, yanzu sai da gora. Sunan Shampiyo kuma ya zauna, har jikokinsa ƙanana da shi suke kiransa, ya gaji ya fara amsawa. Moctar ya ci gaba da gayyatarsa duk lokacin da aka yi babbar gasa, yana nuna masa hotuna tukuna kafin su shiga. Mutane suna son shirin. Yakan faɗi wanda zai gaji tun kafin ya gaji, kuma ba ya cika kuskure. Iyon rigingine ne kawai ya ƙi yin magana a kai, ya ce mutumin da ya juya wa inda za shi ƙeya ba shi da abin da zai ce masa. Kuma kowane shiri, ko Moctar ya so ko bai so ba, sai ya rufe da tambayar da ba wanda ya amsa masa: mutum takwas masu ƙarfi haka, a ruwa mai kyau haka, a ce ba wanda ya fito da komai a hannu.

Yanzu ƙirji ya hana shi sauka rijiya. Bara, da zan tafi Yamai wajen ƙanwar babana, na je yi masa sallama. Ya tambaye ni ko gaskiya ne akwai irin tabkin ɗakin nan a can. Na ce an ce akwai. Ya shiga ɗaki ya fito da carbin rijiya, wanda ƙwayoyinsa suka sha hannu har suka yi santsi, ya sa mini a tafi.

“Ki nemi yaron nan namu,” ya ce. “Ki ce wani tsoho ya taɓa ba shi kambu bisa kuskure, kada ya ji haushi. Sannan ki roƙe shi ya nutsa miki sau ɗaya, ba gudu, ba bango, ya zauna ƙasa iyakar iyawarsa. Ke kuma ki ja wanga, kada ki yi sauri. Ki zo ki faɗa mini nawa ya kai.”